Yadda Ake Riƙe Babban Babur Mai Nauyi a Legas

Duk wanda ya saba da ƙaramin babur irin wanda ake acaɓa da shi, ranar da ya fara ɗaga babban babur na doguwar tafiya daga kan jak zai fahimci cewa hannunsa da ƙafarsa suna da sabon karatu a gabansu. Bajaj Boxer da muka saba gani a Agege da Mile 12 bai wuce kilo 130 ba. Honda Gold Wing kuwa, wanda aka fara ƙerawa a 1975, na yanzu yana da inji mai silinda shida da girman 1833cc, kuma nauyinsa ya kusa kilo 390, wato kusan buhun shinkafa takwas masu kilo 50. Manyan Harley-Davidson na tafiya sun haura kilo 400. BMW R 1250 GS Adventure ya fi su sauƙi da kilo 268, sai dai kujerarsa tana da tsayi ƙwarai. Wannan nauyi ba ya damun mutum idan babur ya miƙe a kan titi yana gudu. Inda yake nuna kansa shi ne a tafiyar hawainiya, a juyawa cikin ƙunci, da wajen tsayawa, kuma mafi yawan tuƙin Legas a nan yake ƙarewa.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce kada mutum ya sayi babur don ya burge shi a hoto. Ka hau, ka zauna, ka duba ko tafin ƙafafunka biyu suna taka ƙasa sosai, domin a wannan gari za ka sauke ƙafa sau ɗaruruwa tsakanin gida da wurin aiki, wani lokacin a kan yashi, wani lokacin a bakin kwata. Ka kuma yi la'akari da unguwar da kake zaune. Tazarar cikin Gold Wing da ƙasa kimanin santimita 13 ce kawai, don haka idan layinku yana da ramuka da tudun rage gudu masu tsayi, cikinsa zai riƙa dukan ƙasa kullum. Irin su GS sun fi jure wannan, kuma tankin Adventure yana cin lita 30, abin da ke da amfani ga mai niyyar zuwa Arewa. A ganina, wanda bai taɓa riƙe babur da ya haura 400cc ba ya kamata ya yi aƙalla shekara guda a kan matsakaici kafin ya taɓa waɗannan.

Mafi yawan waɗanda ake samu a nan na hannu ne da aka shigo da su daga waje, waɗanda ake kira tokumbo. Kada ka biya kuɗi sai ka ga takardun kwastam, ka kuma gwada lambar jikin babur da wadda ke rubuce a takarda, harafi da harafi. Ka tafi da bakaniken da ya san irin wannan inji, ka nemi a tayar da shi a gabanka yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka tsuguna ka karanta lambobi huɗu da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida robarta ta bushe ko da zanenta bai cinye ba, kuma kuɗin sababbi biyu ya kamata ya shiga cikin cinikin tun farko. Kafin nan ma ka tambayi inda za ka samu fayafayan birki da matatar mai na wannan samfurin, domin a kasuwar kayan gyara ta Ladipo kayan mota sun fi yawa, kuma sau da dama kayan manyan babura sai an yi odarsu daga waje an jira makonni.

Batun doka yana buƙatar natsuwa, domin mu Hausawa mazauna Ikko mun san abin da hana acaɓa ya jawo wa 'yan'uwanmu. Tun dokar zirga-zirga ta 2012 gwamnatin jihar ta taƙaita hanyoyin da babura za su bi, sannan daga 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, daga baya kuma aka ƙara wasu. Hanin ya shafi ɗaukar fasinja don kuɗi ne, kuma dokokin jihar sun bambanta babur da injinsa bai kai 200cc ba da wanda ya haura. Duk da haka, jami'in da ya tsayar da kai takarda zai nema, saboda haka ka riƙe lasisin tuƙi na ajin A, wanda shi ne na babur, da lamba, da inshora, da takardar mallaka, duka cikin leda a jikinka. Kada ka shiga layin BRT, wato layin da aka keɓe wa manyan bas na gwamnati, ko da babu kowa a cikinsa, kada ka bi hannun da ba naka ba, kuma idan 'yan LASTMA, wato jami'an kula da zirga-zirga na jihar, ko 'yan sanda suka ɗaga maka hannu, ka tsaya a wuri mai kyau, ka kashe inji, ka buɗe gilashin hular kwano kafin ka yi magana.

Yanzu ga ainihin aikin. Ka nemi fili mai faɗi da kwalta ko siminti, da sassafe ranar Lahadi lokacin da gari bai tashi ba, ka koyi tafiya a hankali kamar mai tafiya da ƙafa. Abu uku ne ke aiki tare a nan. Hannun hagu yana riƙe kuloci a daidai wurin da ya fara kamawa, ba a sake shi duka ba, ba a kuma matse shi duka ba. Hannun dama yana ba da totur kaɗan wanda ba ya hawa ba ya sauka. Ƙafar dama kuma tana kan birkin baya tana danna shi sannu-sannu. Idan waɗannan uku suka daidaita, babur mai kilo 400 yana tsayuwa kyam ba tare da tangaɗi ba. Idan ka ji yana neman kwanciya a cikin kwana, ƙara sakin kuloci za ka yi domin ƙarfin inji ya miƙar da shi, ba sauke ƙafa ba, domin ƙafar mutum ba ta iya tare wannan nauyi. Idonka kuma ya kasance a inda kake son zuwa, ka juya kai gaba ɗaya ka dubi mafita, domin babur yana bin inda ido ya tsaya.

Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne damƙe birkin gaba alhali kan babur yana karkace. Ni kaina na faɗi ta wannan hanya a wani gidan mai, watanni biyu bayan na sayi nawa. Ina juyawa zan shiga layin famfo, wani yaro mai tallan ruwa ya gifta, na matse birkin gaba, kafin in ankara babur ya kwanta a gefen dama, madubi ya tsage, ƙafata ta tsira da ƙyar. Wani dattijo mai sayar da goro a bakin wurin ya taso ya ce, "Sannu ɗana, kada ka ɗaga da bayanka, jira a kama maka." Gaskiya ya faɗa. A gudu birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, amma a tafiyar hawainiya birkin baya ne abokin aiki, kuma duk lokacin da za ka tsaya ka miƙar da kan babur tukuna.

Tun da faɗuwa irin wannan tana samun kusan kowa, ya kamata a san yadda ake ɗagawa. Ka kashe inji, ka tabbatar yana cikin giya domin kada ya gangara. Idan a dama ya kwanta, ka zagaya ka buɗe jak ɗin gefe tun yana ƙasa, domin ya samu abin da zai tare shi idan ya miƙe. Sannan ka juya masa baya, ka tsuguna ka dafa ƙugunka a gefen kujera, hannu ɗaya ya kama hannun babur da ke ƙasa, ɗayan ya kama ƙarfen baya, ka riƙa turawa da cinyoyi kana taku ƙanana da baya har ya tashi. Sanya ƙarafan kariya a gefen inji tun ranar farko yana rage ɓarna, yana kuma hana babur kwanciya shame-shame.

Ajiyewa ma tana da nata ilmi. Kada ka shigar da kan babur cikin gangara, domin ba za ka iya ja da baya da ƙafa ba. Gold Wing yana da ribas tun samfurin 1988, amma da yawa ba su da shi, don haka ka duba yadda ƙasa ta karkata kafin ka shiga, ka ajiye shi yana fuskantar tudu, a cikin giyar farko. A ƙofar masallaci ko kasuwa inda ƙasa ke da laushi, jak yana nutsewa a hankali har babur ya kife bayan ka tafi, shi ya sa nake yawo da ɗan faifan katako a aljihun gaba ina sa masa a ƙarƙashi.

A cikin gosulo ka tuna cewa akwatunan gefe sun fi kafaɗunka faɗi, kuma ratar da ɗan acaɓa ya kutsa ba lallai ta ɗauke ka ba. Direban danfo yana iya tsayawa ko yanke hanya ba sigina da zarar ya hango fasinja, saboda haka kada ka bi ta damarsa kusa da tasha. Kada kuma ka jera da tirela ko tankar mai a kwana, musamman a hanyar Apapa zuwa Oshodi, inda man dizal ke yawan zuba a kwalta, kuma idan ruwa ya taɓa shi santsinsa ya fi na sabulu. Injin da iska ke sanyaya shi, irin na Harley da yawa, yana zafi ƙwarai idan an daɗe a tsaye, don haka idan layi ya ƙi motsi ka kashe shi. A gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, iska daga ruwa tana bugun babur mai faffaɗan gilashi daga gefe. Ka sassauta riƙon hannu, ka matse tanki da gwiwoyi, ka ratsa ƙarafan mahaɗar gada a miƙe ba tare da taka birki a kansu ba.

Damina a nan tana da tsawo, kuma a watan Yuni da Yuli hanyoyi da dama suna cika da ruwa. Ruwan da ba ka ga ƙasansa ba yana iya ɓoye rami ko kwatar da aka cire wa murfi. Ka tsaya ka ga yadda motar gabanka ta ratsa, idan ruwan ya kai tsakiyar taya ka nemi wata hanya. Idan kuma inji ya mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayar da shi, domin ruwan da ya shiga silinda yana lanƙwasa ƙarfen ciki, gyaran kuma ya fi kuɗin ɗauko shi a mota nesa ba kusa ba. Mazauna Lekki da sauran bakin teku su riƙa wanke babur da ruwan daɗi akai-akai, saboda gishirin iska yana cin ƙarfe da mahaɗan waya.

Zafin gari ba hujja ba ce ta hawa da jamfa da silifa. Hular kwano mai rufe haɓa, wadda ke ɗauke da shaidar inganci ta ECE (Turai) ko DOT (Amurka), da riga mai raga da kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, su ne mafi ƙarancin abin da ya kamata. Ranar Juma'a ka naɗe babbar riga ka sa a akwati, ka sanya ta idan ka isa. Wannan ya fi muhimmanci ga wadda za ka goya, domin bakin hijabi ko zane yana iya shiga taya, don haka a tattare shi sosai kafin a tashi. Mai goyo ba ya hawa ba ya sauka sai ka ce masa ka shirya, ƙafafunka biyu a ƙasa, hannunka a kan birki, kuma ka ƙara ƙarfin shokozoba na baya gwargwadon nauyin da aka ƙara.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa idan an riƙe ta. Ka auna iskar taya duk mako da ma'auninka, tayar tana sanyi, ka bi adadin da kamfani ya rubuta, domin mai faci ya saba da ƙananan babura kuma da ido ko yatsa yake aunawa. Ka yi juyen baƙin mai da irin wanda aka yi don babur, ka canja ruwan birki duk shekara biyu, ka sha mai a gidan man da ka yarda da shi. Idan babur zai yi makonni a ajiye, ka haɗa batir da caja ko ka cire masa waya.

Ranar da ka shirya zuwa gida, ka fara gwada kanka da Ibadan ka dawo, tafiyar kimanin kilomita 130 kowane ɓangare, kafin ka fuskanci Kano mai nisan kusan kilomita 1,000. Ka raba tafiyar kwana biyu. Ka tashi bayan sallar asuba domin ka wuce Berger, mafitar Legas ta hanyar Ibadan, kafin cunkoso, ka sa kaya masu nauyi a ƙasan akwatunan gefe daidai wa daida, marasa nauyi a akwatin sama. Kwana ɗaya kafin tafiya ka je tasha ka tambayi direbobin da suka iso daga Arewa halin da hanya ke ciki, ko ta Ilorin da Jebba da Mokwa ce ta fi, ko ta Lokoja da Abuja, domin su ne ke da labarin jiya. Ka riƙa tsayawa duk bayan awa biyu ka sha ruwa, ka cika tanki tun yana rabi, kuma ka tsara tafiyar yadda la'asar za ta same ka a garin da za ka kwana.