Yadda Ake Koyar da Barata a Ajin Baftisma

Ka ware wa darasin barata awa ɗaya, kuma kada ka haɗa shi da na tsarkakewa (wato gyaruwar halin mai bi a hankali) rana guda. In an cakuɗa su, ɗalibi yakan tashi da zaton sai ya gama gyara halinsa Allah zai karɓe shi.

Minti goma na farko na kalmar ne. Barata maganar kotu ce: alƙali ya yanke hukunci cewa ba a bin wanda ake ƙara da laifi. Matsayin mutum a gaban Allah ne ya sauya, ba wai ya daina yin zunubi ba. Ka sa kowa ya buɗe nasa Littafi Mai Tsarki, domin wani juyin yakan ce "barata", wani ya ce "kuɓuta", kada su ɗauka abu biyu ne. Haka ma "adalci": a bakin mutane rashin zalunci ne, amma a wasiƙun Bulus ya haɗa da zama daidai a gaban Allah.

Daga nan a karanta Romawa 3:21-26 da ƙarfi, sau biyu. Kada ka tsaya a aya ta 23, wadda kowa ya haddace, mai cewa duka sun yi zunubi, domin jimlar ba ta ƙare ba sai a ta 24, inda aka ce barata kyauta ce ta alheri.

Rabin lokacin ka ba Romawa 4, nan ne ƙashin bayan darasin. Ka tambaye su: wanda ya yi maka ƙwadago a gona tun safe, ka biya shi da yamma, kyauta ka ba shi? Za su ce haƙƙinsa ne. To, abin da aya ta 4 da ta 5 ke faɗa ke nan: ladan ma'aikaci haƙƙinsa ne, amma barata ta bangaskiya ce, ba ladan aiki ba. Sai ka rubuta a allo: Farawa 15:6, an lasafta wa Ibrahim bangaskiyarsa adalci, Farawa 17, ya yi kaciya yana da shekara 99, Galatiyawa 3:17, Shari'ar Musa ta zo shekara 430 bayan alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim. Ka bar su da kansu su gane wanne ya riga wanne. Malamai da yawa sukan yi garajen ba da amsa a nan, alhali abin da ɗalibi ya gano da idonsa ya fi zama masa.

Ka shirya wa tambaya biyu. Wani zai ce, ashe sai mu yi ta zunubi? Romawa 6:1-2 ta amsa. Wani zai kawo Yaƙub 2:24, inda aka ce ta wurin ayyuka mutum yake samun barata, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Kada ka kauce masa: Yaƙub yana magana ne kan Farawa 22, hadayar Ishaku, shekaru bayan Farawa 15, wato ayyuka suna nuna bangaskiyar da take raye. Afisawa 2:8-10 ta jera su daidai, ceto tukuna, kyawawan ayyuka su biyo.

Wani kuskuren da ake yi shi ne mai da bangaskiya kanta aikin lada, har mai raunin zuciya ya shiga auna ko tasa ta kai. Ka mai da hankalinsa ga 2 Korantiyawa 5:21, ga abin da Almasihu ya yi.

Minti biyar na ƙarshe, a karanta Luka 18:9-14, misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji da suka je Haikali yin addu'a, kowa ya faɗa da bakinsa dalilin da ya sa mai karɓar haraji ne ya koma gida baratacce. Wanda ya ce don ya fi Bafarisiyen kirki ne, ka sake zama da shi kafin mako mai zuwa.