Babi na 6: Yin Ƙyallen Ulu Ba Tare da Saƙa Ba

Darasi na 1: Kayan aiki

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Duk wanda ya taɓa riƙe jar dara ya san irin wannan ƙyalle. A Tunisiya ana saƙa hular da ulu, sannan a yi ta dakanta da ruwan zafi da sabulu har saƙar ta ɓace. A Kirgistan kuma da shi mata ke yin dardumar shirdak, wadda UNESCO ta sa cikin al'adun da ke buƙatar kariya a 2012. Mu da ɗan abin ɗora kwano za mu fara.

Ku tanadi tajajjen ulu giram 20, ruwan ɗumi rabin lita, kankararren sabulu ƙaramin cokali ɗaya, guntun gidan sauro, ƙaramar tabarma da sanda. Ulu shi ne gashin tunkiya mai laushi, irin na tumakin da ake kira merino. Gashin Uda, Balami da 'Yankasa kaushi gare shi, ba ya kamawa da kyau. Auduga ma ba ta yi. Kafin ku biya kuɗi ku ƙona ɗan sili: in ya yi ƙaurin gashi, ulu ne, in ya narke kamar leda, ku bar wa mai shi.

Darasi na 2: Shimfiɗa

Nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka a natsu. Ku auna santimita 30 kowane gefe, wato tsawon rular 'yan makaranta. Ku fizgi ulun da yatsu kaɗan-kaɗan, ban da almakashi. Ku jera shi a kan tabarma daga hagu zuwa dama, shara-shara, har kuna hango tabarmar ta ƙasa. Shimfiɗa ta biyu daga sama zuwa ƙasa, ta gitta ta farko. Ta uku hagu zuwa dama. Ta huɗu sama zuwa ƙasa.

Me ya sa? Kowane sili yana da 'yan ɓawo da ido ba ya gani. Sai silin sun gitta juna suke sarƙewa sosai. In duk sun fuskanci gefe ɗaya, ƙyallen zai karkace, ya yage a hannu.

A sake: ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. Wanda ya rikice ya kwashe ya sake, ba abin kunya ba ne. Amma don Allah a daina dangwara ulu dunƙule guda don a gama da wuri! Wuri mai kauri zai yi ƙulli, wuri mara kauri zai huje, kuma ulun da ya riga ya kama ba ya warwaruwa. Kuɗinku ne zai tafi. A kwance, a tsaye, shara-shara.

Darasi na 3: Murza

Ku rufe da gidan sauro, ku yayyafa ruwan sabulu, ku danna da tafin hannu har ya jiƙe. Ku shafa a hankali minti 10. Ku mintsini saman: in sili ya taso shi kaɗai, da saura. In ya kama, ku naɗe tabarmar a jikin sanda, ku mirgina sau 50 ta kowanne daga cikin gefunan huɗu. Zai tsuke da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Darasi na 4: Ɗauraya

Ku ɗauraye da ruwan sanyi har sabulu ya fita. Ku matse, kada ku murɗe, ku shanya a inuwa.