Kafin ka cike fom ɗin digiri na biyu a fim ɗin dokumentari

Idan kana nan Jos, ka gama digirin farko, ka yi hidimar ƙasa, kuma ranka na kan ƙaro karatu a fannin dokumentari, wato fim na mutanen gaske wanda ake fatan ya motsa hukuma ko ya sauya tunanin jama'a, to ka ajiye fom tukuna ka ɗauki kyamara. Makarantun kirki na wannan fanni suna neman samfurin aiki, kuma shi malaman ke fara kallo kafin su duba matakin digirinka. Ni sana'ata tace fina-finai, wato yankewa da haɗa hotunan da aka ɗauka su zama fim, a Ingila na yi nawa karatun na dawo gida, kuma duk ƙanen da ya zo neman shawara abu ɗaya nake gaya masa: makaranta za ta koya maka tsara labari, amma yardar mutanen da za ka ɗauka, a unguwarku za ka same ta, kuma da ita ake ɗaukar ɗalibi.

Ka yi fim na minti takwas zuwa goma a kan mutum ɗaya a wuri ɗaya. Kada ka ce za ka yi fim a kan "zaman lafiya a Filato", wannan taken taro ne. Nemi mai sayar da kabeji a kasuwar Farin Gada wadda ke karɓar kaya bashi daga manoman da addininsu ba ɗaya ba, shekara da shekaru babu takarda a tsakaninsu. Ko manomin rani da ke jan ruwa da inji daga tsofaffin kududdufan kuza na wajen Bukuru, ramukan da kamfanonin haƙar ma'adinai suka bari a buɗe, suna shayar da gona suna kuma cin yara. Ko ɗan kasuwar da shagonsa ya ƙone a gobarar kasuwar Taminus ta 2002, wanda har yau a bakin titi yake kasa kaya. Malaman waje da yawa ba su san Jos da komai ba sai rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, kuma za ka ji zuciyarka na raya maka ka sayar musu da jini don su kula ka. Ka danne wannan. Hoton ƙonannen gida kowa na iya ɗauka. Abin da ba su da shi shi ne wanda zai zauna a rumfar mutum har ya manta akwai kyamara.

Wayar hannu mai kyau ta isa ɗaukar hoto. Kuɗinka ka zuba a sauti, domin mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga da abin sauraro na kunne, kuma kada ka cire abin sauraron muddin ana ɗauka. A Farin Gada da safe akwai ƙarar manyan motocin tumatir, da hon ɗin Keke, da injin markaɗe a bayan rumfa, kunnenka ya saba da su ba ya jin su, makirfo kuwa duk zai kwashe. Idan mace ce, ka tafi da ƙanwarka ko abokiyar aiki ta maƙala mata a gefen hijabi ta waje, don idan aka cusa shi ciki, shafar yadi za ta cinye rabin maganar. Kafin ku tashi ka roƙi kowa ya yi shiru minti ɗaya ka naɗi ƙarar wurin kawai. Ranar tacewa da ita za ka liƙe guraben da ka yanke.

Maganar izini ita ce na fi so ka daɗe a kanta. Zuwan farko ka je hannu rabbana, ba kyamara, ka gaisa, ka sayi abu, ka faɗi ko kai ɗan wane ne. Ka bi ta wurin mai unguwa ko shugaban kasuwa, idan matar aure ce a sanar da maigidanta, haka tsarinmu yake. Sai dai izininsu bai zama yardarta ba. Ka zauna da ita ka warware mata zance da Hausa: "Inna, wannan hoton idan ya hau intanet ba ya sauka. Maƙwabta za su gani, dangin mijinki za su gani, har mutanen ƙasar waje." Akwai dattijuwar da na gaya wa haka, ta ajiye wuƙar da take gyaran kabeji da ita, ta ce, "To ɗana, maganar bashin nan ka bar ta, amma ban da sunan mai ba ni." Haka aka yi, kuma fim ɗin bai rasa komai ba. Ka naɗi yardar da bakin mai ita a kyamara, ya fi a dangwala yatsa a takardar Turancin da ba a karanta ba. Idan aka tambaye ka "me zan samu?" ka faɗi gaskiya, kada ka yi alkawarin rijiya ko jari. Ba a sayen magana da kuɗi, amma idan ka hana mutum cinikin wuni, biyan asarar hakki ne a kanka. Duk wannan ka rubuta shi a takardar neman gurbi, domin makarantun da ke koyar da fim don gyaran al'umma suna auna ɗabi'ar mai ɗauka kamar yadda suke auna idonsa.

Fassarar Turanci ta ƙasan allo ka ba ta kwanakinta. Layi biyu gajeru, ka bar karin magana da ɗanɗanonta, ka sa wanda ba ya jin Hausa ya kalla ya gaya maka abin da ya fahimta.

Sai zaɓen makaranta. A Turai akwai DocNomads, karatun shekara biyu ƙarƙashin tsarin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, inda ɗalibai ke zagayawa tsakanin Lisbon da Budapest da Brussels suna fim a kowane gari. Yana buɗe ido ƙwarai, sai dai yawancin ɗaukar a ƙasar mutane za ka yi, cikin harshen da ba naka ba. A Ingila, makarantar fim da talabijin ta ƙasa, NFTS, da ke Beaconsfield na koyar da ba da umarnin dokumentari shekara biyu, jami'o'in Goldsmiths da UCL a Landan suna da na shekara ɗaya, Jami'ar Manchester kuma ta yi suna wajen haɗa fim da nazarin al'adun mutane. A Amurka akwai na Jami'ar Stanford, shekara biyu da ɗalibai 'yan kaɗan, da na Jami'ar Kalifoniya a Santa Cruz wanda kai tsaye aka gina shi a kan batutuwan al'umma. A ganina shekara ɗaya ta yi kaɗan: kafin ka saba da sanyi da lafazin malamai, an fara maganar fim ɗin kammalawa. Amma ita ce ta fi samun tallafi, don haka ban ce ka guje ta ba. Kowace ka zaɓa, ka rubuta wa mai kula da kwas ɗin ka tambaya ko za su bar ka ka dawo Najeriya ka ɗauki fim ɗin kammalawa, da kyamarar wa, kuma wa zai biya jirgi. Wasu makarantun, saboda dokar inshora da shawarar tafiye-tafiye ta gwamnatinsu, ba sa barin ɗalibi ya je wasu jihohin Arewa da kayansu. Gara ka ji wannan tun kana gida. Ka tambaya kuma ko ɗalibi ne ke tace fim ɗinsa da hannunsa, don a teburin tacewa ake koyon adalci ga wanda aka ɗauka.

Kada ka raina na gida. Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, NFI, tana nan Jos ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, haka Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, kuma ko ba ka yi karatu a can ba, tsofaffin ɗalibansu su ne ma'aikatan da za ka ɗauka. Tun 2019 Jami'ar Jos ke da digiri na biyu a al'adun fim da adana tsofaffin fina-finai, tare da Jami'ar Goethe ta Frankfurt. Wannan karatun adanawa ne da nazari, bai zama na ɗaukar fim ba, amma ga mai son gina dokumentari da tsofaffin hotuna ƙofa ce babba. A Zariya kuma sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana koyar da sadarwa don ci gaban al'umma.

Wajen kuɗi, Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan digiri na biyu na shekara ɗaya. Ana buɗe shi a watan Agusta, yana buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu, wato awa 2,800, za ka zaɓi kwas uku, kuma dole ka dawo gida na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Aikin sa kai da na ɗan lokaci suna shiga lissafi, don haka ka riƙa rubuta duk lokeshin da ka yi aiki da sunan wanda zai shaide ka. Erasmus Mundus na da nasa tallafin ga waɗanda suka yi fice. Takardar sakamakon darussanka, tiranskirif, ka neme ta tun watanni kafin buƙata, don fitarta kan ɗauki lokaci. Jarrabawar Turanci ta IELTS ana yin ta a Abuja, amma ka duba tukuna, jami'o'in Ingila da dama na karɓar Turancin WAEC.

A takardar bayanin kai ne yawancin ƙannenmu ke faɗuwa. Kowa sai ya rubuta zai "wayar da kan jama'a". Mu a Arewa mun san wannan wayarwar tun zamanin majigi, lokacin da motar gwamnatin mulkin mallaka ke zuwa ƙofar fada da dare ta haska wa talakawa yadda ake tsafta da noman auduga, mutane na kallo ba mai tambayarsu ra'ayi. Fina-finan ƙungiyoyin agaji da yawa har yau a kan wannan layin suke: a nuna talaka yana kuka, a kawo masani ya yi bayani. Kai ka rubuta wa kake so ya kalli fim ɗinka, da abin da kake so ya yi washegari. Idan kududdufan kuza ne, ka ce masu kallonka su ne dagatai da iyayen yara da ma'aikatar muhalli ta jiha, buƙatarka kuwa a kewaye ramukan da ke kusa da makarantu ba tare da an raba manoman rani da ruwansu ba. Mai karantawa zai gane ka san wurin, ka kuma san akwai ɓangare biyu.

Kafin ka tura fim ɗin ko'ina, ka mayar da shi inda ka ɗauko shi. Wanda ke ciki shi zai fara kallo, shi kaɗai, ko a kwamfutarka ce a cikin rumfa, ya ce a cire abin da zai jawo masa matsala. Bayan nan ka ari furojekta da ƙaramin janareto, ka ɗaura farin zane a bango bayan sallar isha'i, ka ware wa mata gefensu, ka ajiye janareton nesa don kada ya danne sauti. Ka bar rabin awa na magana bayan an gama, ka sa wani ya rubuta abin da aka faɗa. Taƙaitaccen rahoton wannan daren ka haɗa da takardunka. Shi ne kuma za ka sake buƙata idan ka dawo kana neman kuɗin babban fim daga asusun IDFA Bertha na Amsterdam ko Hot Docs-Blue Ice na Toronto, ko kana neman a haska aikinka a bikin fina-finai na iREP a Legas ko na Zuma a Abuja.