Kurakuran da masu koyon aski da reza ba sa gajiya da maimaitawa

Cikin watanni biyun nan mutum huɗu ne suka zo min da wuya duk ƙuraje: ƙanina, ɗan yayata, da abokan aiki biyu. Dukkansu a wajena suka ga mariƙin reza na ƙarfe, irin wanda ake kwance kansa a sa reza mai baki biyu a ɗaure, ya ba su sha'awa, suka je suka sayo. Kuma dukkansu magana ɗaya suka dawo da ita, wai rezar ba ta karɓe su ba. Bakina ya gaji da maimaita bayani ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake zuwa in tura masa ya karanta.

Tun da wuri in faɗa, ba hukuncin aske gemu na zo tattaunawa ba, wannan fagen malamai ne. Mai gemu ma yana daidaita saje, yana share ƙeya, wani kuma duk Juma'a sai ya yi tal-kwabo. Duk wanda ƙarfe ke hawa fatarsa, maganar nan ta shafe shi.

Abu na farko da nake gani a hannun kowane ɗan koyo shi ne danne reza. Tarbiyyar da shebin sitik ya yi wa hannu ce. Wanda ya shekara goma yana aski da na roba ya saba sai ya danna kafin ya ci gashi, don ba shi da nauyi, kuma bakinsa a kewaye yake da roba. Mariƙin ƙarfe ba haka aka ƙera shi ba. Tun wanda kamfanin King Gillette ya fara fitarwa a Amurka a 1903, shekarar da mariƙi 51 da reza 168 kacal aka sayar, tsarin bai canza sosai ba: reza ɗaya ce tsakanin murfi da shinge, bakinta a waje. Ka ɗauki Merkur 34C na Solingen a Jamus, ko Edwin Jagger DE89 na Sheffield a Ingila, ka ji yadda yake zama a tafin hannu. Nauyin nan shi ke yin askin, kai naka jagora ne kawai. Ni da yatsu uku nake riƙewa, can ƙarshen ƙota, yadda ko na so dannawa ba zan iya ba. Ana cewa a karkata reza kamar digiri 30, amma ba wanda ke shiga banɗaki da ma'auni. Ɗora murfin kan a kuncinka, ƙota tana kallon waje, sai ka riƙa sauke ta sannu a hankali har ka ji reza ta fara cin gashi, ka tsaya nan. In ka ji ƙara kamar ana kankare ƙanzo a tukunya, ka sauke ta da yawa. Ja gajere-gajere, tsawon gaɓar yatsa ya isa, ka ɗauraye, ka ci gaba.

Amma kuskuren da ya fi cin raina, wanda ni kaina na ɗanɗana kuɗarsa, shi ne neman santsi.

Saura kwana biyu ɗaurin aurena na yi wannan wautar. Lokacin ban fi wata uku da fara aski da reza ba, kuma na cika cikina da bidiyon Turawa masu koyar da bi sau uku: na farko a bi kwanciyar gashi, na biyu a gicciye, na uku a saɓa masa, a tayar da shi a yanke. Na ce ai ango ya kamata ya fito fes. Na yi ukun nan, na shafa wuya na ji saura kaɗan, na ja fatar da yatsu biyu na ƙara na huɗu, ba kumfa ba komai. Ranar dai fuska kamar tangaran, ina ta shafawa ina jin daɗi. Washegari raɗaɗi ya fara. Ranar ɗaurin aure kuwa, daga ƙarƙashin haɓa zuwa maƙogwaro ba masaka tsinke, ga wuyan kaftani ya sha sitaci yana gurza wajen duk juyawar da na yi. Abokai suna tsiya, ni ina yaƙe. Hotunan suna nan, matata ta ƙi yarda a ɓoye su. Sai da na yi kusan wata biyu kafin wajen ya lafa, kuma akwai tabo baƙi guda biyu a gefen maƙogwarona har yau.

Tsohon wanzamin unguwarmu, wanda shi ya yi min askin suna, ya gan ni a masallaci bayan biki. Ya kama haɓata ya ɗaga, ya duba, ya ce, "Yaro, wa ya yi maka wannan aika-aika?" Na ce, "Ni ne da kaina, Baba." Ya girgiza kai ya ce, "Gashin nan naka kamar ƙugiya yake. Ka bi shi har cikin raminsa ka yanke, to ta ina kake so ya fito?"

Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne abin da likitocin fata suke bayani da dogon Turanci. Gashinmu murɗaɗɗe ne, ramin da yake tsirowa ma a lanƙwashe yake. Reza tana barin bakin gashi da tsini kamar an fiƙe fensir. In an yanke shi ƙasa da fata, sai ya huda bangon ramin daga ciki, ko ya fito ya lanƙwasa ya koma ya soki fatar. Jiki kuma ya ɗauke shi kamar ƙaya, wajen ya kumbura, wani sa'in har da mugunya, in ya warke ya bar baƙi. Shi ya sa matsalar ta fi addabar baƙar fata. Baturen da kake kallo a bidiyo gashinsa miƙaƙƙe ne, ko ya yanke shi a ciki, hanyarsa ɗaya zai bi ya fito. Kuma da ma abin askin zamani mai bakuna da yawa a jere, tun daga mai biyu da aka fito da shi a 1971, mai uku a 1998, har mai biyar a 2006, an tsara shi ne yadda baki na farko zai ɗan jawo gashi, na bayansa ya yanke kafin ya koma. Wannan ne ya kori da yawanmu muka dawo wa reza ɗaya. To ina amfanin ka gudo, sannan ka tsaya kana bin wuri ɗaya sau biyar? Ai da hannunka ka mayar da ita mai baki biyar.

Abin da nake yi yanzu ba kowa zai yarda da shi ba, amma shi ya zaunar da wuyana lafiya. Da farko ka bar gashin kwana biyu ko uku, ka shafa da yatsa ka gane inda kowane ɓangare ya kwanta. A kunci yawanci ƙasa yake kallo, amma wuya ba shi da doka: nawa daga maƙogwaro yana tafiya ne gefe zuwa kunne, akwai ma wani wuri da ya yi cibiya kamar ta tsakiyar kai. Mutane suna ɗauka daga sama zuwa ƙasa shi ne bin kwanciya, alhali a wuya sau da yawa saɓawa suke yi ba su sani ba. Ni bi ɗaya nake yi, da kwanciyar gashi. In akwai taro, in sake shafa kumfa in yi na gicciye a kunci kaɗai. Wuya ba na saɓa masa ko da Sarki zan je gaisarwa, ba na kuma jan fata. Aski kuwa bayan kwana biyu ko uku. In ka shafa ka ji ɗan kaushi, bar shi, ba wanda zai zo ya taɓa maka wuya a ofis.

Sai kuma abin da ake yi bayan ƙurajen sun fito, wanda wallahi ya fi askin muni. Ɗan yayata allura ya samu yana tono gashin ɗaya bayan ɗaya. Wani ya zuba Dettol tsagwaronsa ba sirki, wani man goge baki, na taɓa ganin wanda ya shafa man birki. Man birki! Fuskarka ce fa, ba tayar mota ba. Wai don Allah me ya yi zafi haka? Ajiye rezar gaba ɗaya mako uku ko huɗu, gashin ya yi tsawo ya zaro kansa. In dole sai ka gyara, sa kilifa ta bar ɗan tsawo. Riƙa gasa wajen da tawul mai ɗumi, ka goga a hankali da burushi mai laushi. In kuwa ƙurajen ƙeya ne suka fara tauri suna haɗewa, bar dabarun gida ka je wajen likitan fata, irin waɗannan ba sa jin man shafawa na kan tebur.

Sauran ƙananan kurakuran ba su buƙatar dogon zance, sai dai kowanne yana da rabonsa a ɓarnar.

Gaggawa wajen jiƙa gashi. Ka lura da wanzami na gaske, yakan daɗe yana murza kai da ruwa kafin ya zaro aska daga zabira. Busasshen gashi tauri ne da shi, sai ya sha ruwan ɗumi minti biyu ko uku yake laushi. Ni bayan wanka nake aski, shi ke nan na huta.

Sabulun wanka ba na aski ba ne, kumfarsa ba ta da santsi kuma tana saurin mutuwa. Arko na Turkiyya yana da araha kuma yana daɗewa, Proraso na Italiya ma ba laifi. Kumfar da ake so mai sheƙi ce kamar kindirmon da aka dama, ba mai manyan ƙwayaye irin ta wanki ba, kuma da ɗigo-ɗigo ake ƙara mata ruwa. In ruwan rijiyarku mai zartsi ne, kada ka zargi sabulun, ɗauki ledar fiya wata ɗaya ka gwada. Da hunturu kumfa bushewa take yi kafin ka gama kunci ɗaya, don haka shafa gefe guda ka aske, sannan ka koma ɗayan.

Burushi kuma ka duba da me aka yi shi kafin ka biya kuɗi. Da yawa daga cikin masu arahar nan, irin na Omega da aka fi sani, gashin alade ne, kuma a jikin kwali da Turanci ko Italiyanci ake rubutawa, mutum bai lura ba. Akwai na gashin doki, akwai na zaren roba. Na roba nake amfani da shi, yana saurin bushewa, hankalina kuma a kwance.

Rowar reza. Abin da mai tebur ke sayarwa ɗaiɗai, mutum ya riƙe guda ɗaya wata guda har ta yi tsatsa. Dakusasshiyar reza tsige gashi take yi, ita ce ke sa hannu ya koma danna. A gashina sau uku nake aski da ɗaya in canza. Kada ka goge bakinta da tawul, ɗauraye ta ka girgiza, ka ajiye inda iska ke shiga. Kada kuma ka fara da Feather ta Japan don ka ji ana yabon kaifinta, sai hannu ya faɗa ake hawa wannan. Derby ko Astra sun fi yi wa ɗan koyo sauƙi, Tiger ɗin da ke kowane lungu ma ta isa a fara da ita.

Bayan aski ruwan sanyi, sai in goga jiƙaƙƙen alif, irin wanda ake tace ruwa da shi. Yana tsayar da ɗan jini, kuma duk inda ya yi zafi sosai, nan ne na danna, gobe in kiyaye. Bayan rabin minti in wanke shi, in shafa man kaɗanya ɗan kaɗan. Turare a riga nake fesa shi, ba a wuyan da aka aske yanzu ba.

Aron reza kuwa babu shi tsakanina da kowa, ko ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai a busasshen jini tana da rai, kuma jinin da ido ba ya gani ya isa. In za ka wajen mai aski, tafi da rezarka, ko ka tsaya ya ɓare sabuwa a gabanka. Kunya ba ta shiga nan.

Akwai masu cewa su askar wanzamai za su fara da ita kai tsaye, don ta fi burgewa a hoto. Aska sana'a ce guda, sai ka iya wasa ta a dutse, ka iya goga ta a jemammiyar fata, bayanta a gaba bakin yana bi. Ƙanina ya juya ta baki a gaba, ya yanke fatar gida biyu, ya dakushe askar tun kafin ta taɓa fuskarsa. Wanzami ba ya son jarfa, shi kansa wani yake sa wa ya yi masa ƙeya. Shekara ɗaya da mariƙi tukuna, in hannu ya natsu sai a yi wannan maganar.

Tsohuwar reza kuma kada ta shiga kwandon shara tsirara, yara da masu kwasar bola suna sa hannu a ciki. Gwangwanin madara nake hudawa a sama daidai faɗin reza in riƙa jefawa, in ya cika in buga bakin da guduma ya rufe. Wanda ke bayan madubina yanzu shekararsa biyu, bai ko kai rabi ba.