Idan hannun birkin gaba na babur ɗin jeji yana maƙalewa

Fara da ƙusar da hannun birkin ke juyawa a kai, don galibi nan laka da ƙura ke taruwa. Kwance notin, zare ƙusar, goge ta tas, shafa giris kaɗan, ka mayar. Kar ka ɗaure da ƙarfi, ɗaurin ma yana riƙe hannun. Idan babur ya taɓa faɗuwa, duba ko hannun ya lanƙwashe.

Bai saki ba? Buɗe murfin man birki. Idan man ya yi baƙi, zubar ka sa sabo irin wanda aka rubuta a murfin, yawanci DOT 4, ka fitar da iskar da ta shiga bututun birkin. Ka kula, man birki yana cin fenti.

Sai ka cire takalman birki, ka wanke fistan ɗin da ke tura su. Idan har yanzu yana riƙewa, kar ka hau, kai wa bakanike.