Karatun lauya a ƙasar waje: kurakuran da ke sa a gama digiri a rasa lasisi

Wani ƙanin abokina ya samu gurbin karatun shari'a a wata jami'a a Sikotilan. Ya buga takardar, duk wanda ya shigo gidan sai ya nuna masa. Na taya shi murna, sannan na ce, "To in ka gama, a wace ƙasa za ka tsaya gaban alƙali?" Ya yi jim, can ya ce, "Yaya, ai duk Birtaniya ce." Bai san Sikotilan tana da nata tsarin shari'ar daban da na Ingila da Wales ba, da nata hanyar zama lauya.

Daga nan yawancin kurakuran suke fitowa. Ɗalibi ya fara zaɓar jami'a, sai daga baya ya tuna da maganar aiki. Jami'a digiri kawai take bayarwa. Izinin tsayawa a kotu yana hannun hukumar lauyoyi ta ƙasar, kuma kowace da nata sharuɗɗan. Gyaran shi ne ka faro daga ƙarshe: zaɓi ƙasar da za ka yi aiki, karanta ƙa'idojin hukumarta, sannan ka nemi makarantar da hukumar ta amince da ita. Tun ran gini ran zane.

Kuskure na biyu shi ne rashin lura da cewa shari'a ba kamar lissafi ba ce, wanda duk inda ka je amsa ɗaya ce. Ingila, Amurka da ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila suna dogara sosai da hukuncin da kotuna suka yanke a baya. Faransa da Jamus kuwa kundin doka rubutacce ne ginshiƙinsu. Wanda ya karanta ɗaya ya koma ɗayan, sau da yawa sai an sa shi ƙarin darussa. Ko a cikin Kanada, lardin Kebek daban yake da sauran.

Amurka ce ta fi ruɗa mutane. A can ba a shiga karatun lauya kai tsaye daga sakandare. Sai ka yi digirin farko a wani fanni, tarihi ne ko kimiyya, sannan ka shiga karatun digirin lauya da ake kira JD na shekara 3, galibi bayan ka rubuta jarrabawar LSAT, wadda makinta ke tsakanin 120 da 180. Wanda ya riga ya karanta shari'a a wata ƙasa yakan yi digiri na biyu a shari'a, wato LLM, na shekara 1, kuma a nan ake faɗawa rami. LLM ba ya mai da kai lauya. Kowace jiha da tata dokar kan jarrabawar zama lauya. Jihar New York tana barin waɗanda suka yi karatu a waje su zauna jarrabawarta, amma sai ta tantance digirinka na farko, kuma akwai darussan da dole su kasance cikin LLM ɗin. Wasu jihohin ƙofarsu ba ta buɗuwa haka. Sai ka ga mutum ya cika jadawalinsa da darussan da suka ba shi sha'awa, ana gab da kammalawa ya gano babu na ɗa'ar aikin lauya a ciki. Ka tura takardunka a tantance tun kafin ka zaɓi darasi ko ɗaya.

A Ingila da Wales kuma lauya iri biyu ne, kuma ɗalibai da yawa suna cakuɗa su. Akwai solisita, mai zama da wanda yake karewa, ya ba shi shawara, ya shirya takardu. Tun 2021 hanyarsa ita ce jarrabawar SQE mai kashi biyu, da shekara 2 na gogewar aiki, kuma ba dole ne digirinsa ya zama na shari'a ba. Akwai barista, wanda ya fi tsayawa a kotu. Shi sai ya shiga ɗaya daga cikin tsofaffin zaurukan lauyoyi huɗu na Landan, ya yi kwas, a rantsar da shi. Amma rantsarwar ba ta isa ba, sai ya yi shekara guda yana koyon aiki a ƙarƙashin gogaggen barista, kuma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Hoton rigar da hular kan yi kyau, sai dai ba shi ne izinin karɓar ƙara ba.

Harshe ma ana raina shi. Cin jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL shiga aji kawai yake ba ka. A Jamus jarrabawar gwamnati biyu ce, da shekara 2 na koyon aiki a tsakaninsu, duk da Jamusanci. A Faransa akwai jarrabawar shiga makarantar lauyoyi, sannan horo na wata 18. In ba za ka iya gardama da harshen ba, ka sake tunani.

Mai niyyar komawa wata ƙasa bayan karatu shi ma kada ya ɗauka an gama. A Kanada hukumar NCA ce take auna digirin waje ta ɗora maka jarrabawa. A Nijeriya akwai kashi na farko na Makarantar Horar da Lauyoyi da aka ware wa masu digirin waje, kafin su haɗu da sauran.

Sai abin da ake mantawa gaba ɗaya: binciken hali. Hukumomin lauyoyi suna tambayar ko an taɓa kama ka da satar amsa, ko hukuncin kotu, ko bashin da ka ƙi biya. Ɓoye ƙaramin laifi yakan fi laifin kansa jawo matsala. Ka faɗa da kanka, ka haɗa da bayani. Takardun sakamako kuma ka nema da wuri, domin wasu hukumomin ba sa karɓa daga hannunka, sai jami'ar ta aiko musu kai tsaye, kuma hakan kan ci watanni.