Yadda na gyara faifan da ya ƙi karɓar Windows 11

Kwana biyu ina fama da kwamfutar ƙanina. Da na zo wurin zaɓen inda Windows 11 za ta zauna, sai ta ƙi, wai faifan yana kan MBR, tsohon tsarin raba faifai, kwamfutar kuwa ta tashi da UEFI, sabuwar hanyar tada kwamfuta, don haka sabon tsarin GPT take so.

Na zargi filashin da nake saka Windows da shi, na sake loda shi da Rufus, manhajar ɗora Windows a filashi. Shiru. Na danna Format, nan ma a banza, don goge ɓangare ɗaya ba ya canza tsarin faifan.

Dama na riga na kwashe hotunan bikinsa zuwa wani faifai, domin hanyar da zan bi ba ta barin komai a faifan. A allon sakawa na danna Shift da F10, baƙin allo ya buɗe. Na rubuta diskpart, umarnin sarrafa faifai, sai list disk. Faifai biyu suka fito: Disk 0 mai 465 GB, Disk 1 mai 14 GB. Sai da na ƙura ido sosai, don ƙaramin, wato Disk 1, filashina ne. Sannan select disk 0, clean, convert gpt, exit, kowanne da Enter.

Na danna Refresh, na zaɓi filin da ba a raba ba, sai Next. Windows da kanta ta yanka ɓangarorinta. Alhamdulillahi, ƙanina ya daina kirana.